Zaren Fatsa da Kamun Karfasa a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gulbin Sakkwato ya faro ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta Bunguɗu, sa'an nan ya miƙe arewa maso yamma har madatsar Bakolori, wadda aka gama ginawa a shekarar 1978. A gefensa akwai masunta na gado, masu taru da koma da birgi, ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Ban da su kuma akwai manoma da yara waɗanda ba su da jarin sayen taru, abin da su ka mallaka kawai shi ne sanda da zare da ƙugiya. Wannan irin su shi a ke kira fatsa. A bakin mutanen yamma kuwa sai a ji hwatsa, kamar yadda kifi ya ke komawa kihi. Fatsa daban ta ke da mamari, watau doguwar igiya mai ƙugiyoyi barjat wadda a ke shimfiɗawa cikin ruwa a bar ta ta kwana.

Kifin da mai fatsa ya fi nema da rana shi ne karfasa, wadda waɗansu ke ce wa gargaza. Mutane da yawa sun ɗauka zaren da ya fi ƙarfi shi ya fi kyau. Ga karfasa ba haka abin ya ke ba, sau da yawa ma kaurin zare shi ke sa mutum ya wuni a bakin ruwa ya koma gida hannu rabbana.

Halin karfasa

Karfasa kifi ce mai faɗin jiki da ƙaramin baki, tana da ƙaya a gadon baya. Abincinta gansakuka ne da ciyayin ruwa da ƙananan ƙwari. Da ido ta ke neman abinci, kuma ba ta fizgar koto, sai ta tsotsa a hankali, in ta ji wani abu ya tokare mata baki ta tofar. Galibin wadda a ke kamawa da fatsa ba ta kai kilo guda ba. Tarwaɗa kuwa da gashin bakinta ta ke lalube, cikin duhu ko cikin taɓo, don haka ba ruwanta da kaurin zare. Tsage shi kuma haƙora gare shi masu datse zare, sai an sa 'yar waya kusa da ƙugiya. Ashe ke nan kowane kifi da irin zarensa.

A Amurka akwai wani kifi mai kama da karfasa wajen girma da faɗin jiki, sunansa kirafi. Leɓensa ba shi da kauri, ƙugiya kan yage shi in an ja da ƙarfi. Masu kamunsa sun fi amfani da zaren da ke ɗaukar kilo 2 zuwa 3 kawai, don ya ɓuya wa kifin, ya kuma bar ƙaramin koto ya yi motsi kamar mai rai. Dalilin nan bai bambanta da na mai fatsa a Bunguɗu ba.

Irin zaren da a ke da su

A zamanin dā masunci da kansa ya ke murza zarensa, daga auduga ko rama ko ɓawon tumfafiya. Ƙasar Gusau kuwa ƙasar auduga ce, ba a rasa abin kaɗi. Aibin irin wannan zare shi ne yana shan ruwa ya kumbura, yana ruɓewa in ba a shanya shi ba, kuma kifi yana ganinsa sarai.

Nailan ya sauya wannan duka. Wallace Carothers ne ya haɗa shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, aka fara sayar da zaren kamun kifi na nailan a 1939. Sili ɗaya ne, ba murɗi, haske na ratsa shi, ba ya ruɓewa, ga shi da araha. Yana kuma da ɗan talewa, watau in kifi ya fizga sai ya miƙe kaɗan kafin ya tsinke, wannan kuwa shi ke hana ƙugiya yage bakin karfasa. Amma rana tana cinsa, in ya daɗe sai ya yi fari ya bushe, ya riƙa tsinkewa ba dalili.

Daga baya aka sami waɗansu iri biyu. Na farko shi ne fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fito da shi a 1971. Yadda ya ke karya haske ya fi kusa da na ruwa bisa ga nailan, don haka ya fi ɓuya, kuma ya fi nauyi, yana nutsewa da sauri. Na biyu shi ne zare mai kitso, wanda ya bazu bayan 1990. Yana da ƙarfi ƙwarai bisa ga sirantakarsa, amma ba ya talewa, kuma ana ganinsa cikin ruwa. Su biyun duka sun fi nailan tsada nesa, shi ya sa nailan ne abin da mai fatsa na ƙauye ke iya saye.

Ruwa da lokaci

Kaurin nailan da milimita a ke aunawa. Mai kaurin 0.20 yana ɗaukar kimanin kilo 2 zuwa 3, mai 0.30 kimanin kilo 5 zuwa 6, mai 0.50 kuwa ya haura kilo 10. Abin da zai nuna wanda za a ɗauka shi ne ruwan da za a jefa shi.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, gulbi kan cika ya yi ja wur da laka, yana tafe da itace da yayi. A lokacin nan kifi ba ya ganin zare, igiyar ruwa kuma tana da ƙarfi, tarwaɗa da kurungu na iya faɗa wa koton da aka sa don karfasa. Zare mai 0.30 shi ya dace. Da kaka ta shiga, laka ta kwanta, sai a rage. Da rani kuwa gulbi kan tsinke ya koma gurabu tsakanin rairayi da duwatsu, ruwa ya yi garau. A nan ne karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ta ke zama gaskiya tsantsa. Sai zare mai 0.20 ko ƙasa da haka, da ƙaramar ƙugiya, da guntun tana, da ɗan toton kara a matsayin abin da zai nuna kifi ya taɓa.

Wuri ma yana da tasa magana. A bakin madatsar Gusau, inda ruwa ke kwance da zurfi, siririn zare ya isa. Inda gulbi ya bi ta kan duwatsu, kaifin dutse kan goge zare, don haka a kan ƙara kauri kaɗan. A ƙasar Tsafe, inda su ya fi yawa a tafkuna da kududdufai da rafuffukan da ke gangarowa daga duwatsu, ciyawa da bado ne abin tsoro, gama kifi na jin ƙugiya sai ya kutsa cikinsu. Dabarar da ta fi a irin wannan wuri ita ce a haɗa biyu: uwar zare mai 0.30, a ƙarshenta a ɗaura siriri kamu ɗaya mai ɗauke da ƙugiya. In ya sarƙe, ɗan guntun ne zai tsinke, uwar ta tsira.

Ƙulli da gwaji

Zare ya fi tsinkewa a wurin ƙulli, domin nan ne ya ke lanƙwashe yana cin kansa. A jiƙa shi da miyau kafin a tsuke, don zafin gogayya kada ya raunana shi. Bayan kowane kamu a shafa ƙarshensa da yatsa, in an ji kaushi a yanke a sake ɗauri. Tsohon zare kuma kada a yar da shi a bakin ruwa, don ba ya ruɓewa, yana harɗe ƙafar tsuntsu da ta dabba.

Abin da aka rubuta a jikin ƙwarya ba kullum ya ke daidai ba, sai an gwada a kan san na ƙwarai. Malami na iya nuna wa ɗalibansa wannan ba tare da kayan awo ba. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. A ɗaura zaren a hannun bokiti, a rataye, a riƙa zuba ruwa lita lita har ya tsinke, a haɗa da nauyin bokitin. Sa'an nan a sake da zare mai ƙulli a tsakiya, a kuma sake da wanda ya yi wata guda a rana. Ɗaliban da su ka fito daga gidajen masunta su kuwa a tambaye su sunan da iyayensu ke kiran kowane kauri na zare da kowane irin ƙulli, a rubuta tare da sunan garin, domin sunayen da a ka gada daga zamanin rama da tumfafiya suna hannun dattawa ne, dattawan kuwa suna ta raguwa.