Masu kwarmato: Dokokin da ke tsare sirrinsu a cikin ƙungiyoyin da suka gudu wurinsu

A 2017 wata matashiya mai suna Reality Winner, wadda ke aikin kwantiragi da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ta aika wa kafar labarai ta The Intercept wata takardar sirri kan yunƙurin Rasha na yin kutse a zaɓen 2016.

Ba ta sa sunanta ba. Amma da 'yan jaridar suka tashi tantance takardar, sai suka nuna wa jami'an gwamnati kwafinta. Alamar ninki ta nuna cewa buga ta aka yi, kuma mutum shida kawai suka buga ta a ofishin. An kama Winner, a 2018 aka yanke mata ɗaurin shekara biyar da wata uku. Daga baya kafar ta amsa cewa ta gaza wajen kare ta.

Kafar labarai ce ta yi wannan sakaci, amma darasin ya shafi duk wata ƙungiya da ke karɓar masu tona asirin almundahana, irin su PPLAAF da aka kafa a Dakar a 2017, da cibiyar AFRICMIL da ke Abuja. Ranar da mai kwarmato ya shiga ofishin irin wannan ƙungiya, aikinsa da 'yancinsa, wani lokacin har ransa, sun koma hannunta. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba, sai da dokokin cikin gida a rubuce.

Wa ya san sunan?

Doka ta farko ita ce taƙaita masu sanin mutumin. Lauya ko jami'in da ke riƙe da batun kaɗai ya kamata su san sunansa, a sauran takardu kuma lamba ce za ta tsaya a madadinsa. 'Yan kwamitin amintattu da masu ba da tallafin kuɗi ba su da hurumin tambaya.

Haka ma takardun da ya kawo. Fayil na kwamfuta kan ɗauke da sunan wanda ya ƙirƙire shi ko ya gyara shi da lokacin, wasu na'urorin buga takardu kuma kan bar ƙananan ɗigogi da ido ba ya gani. Shi ya sa ake sake rubuta bayanin kafin a nuna wa wani, kuma ba a kai shi ga hukuma ko ɗan jarida sai da yardar mai shi.

Abin da ke biyo bayan fitar suna ba wasa ba ne. A ranar 23 ga Agustan 2021 aka harbe Babita Deokaran a ƙofar gidanta a Johannesburg. Babbar jami'ar kuɗi ce a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng, kuma ta ankarar da hukuma kan wasu kuɗaɗe masu alamar tambaya da ake biya ta asibitin Tembisa.

Kuɗi da kusanci

A Disamban 2016 gwamnatin Najeriya ta fito da tsarin ba mai kwarmato ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato. Bayan EFCC ta gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017, an kwashe watanni ana ce-ce-ku-ce kan ladan.

Inda kuɗi ya shigo, kwaɗayi kan biyo shi. Don haka dole a rubuta ƙarara cewa ma'aikacin ƙungiya ba ya da kaso a ladan, ba ya karɓar kyauta daga kowane ɓangare. Idan wanda ake zargi ɗan'uwansa ne, surukinsa ko tsohon maigidansa, ya faɗa, ya tsame hannunsa. Ita ma ƙungiyar ta bayyana masu ba ta kuɗi, domin kamfanin da ke tallafa mata yau zai iya zama wanda za a kawo ƙararsa gobe.

Gaskiya ga kowane ɓangare

Tsarin 2016 manufar gwamnati ce, ba dokar majalisa ba, saɓanin Ghana da ta yi dokarta a 2006 da Afirka ta Kudu a 2000. Haƙƙin mai kwarmato ne a gaya masa wannan tun a zaman farko, ya san zai iya rasa aikinsa, sannan a bar shi ya yanke shawara ba tare da matsi ba.

Shi ma wanda ake zargi yana da haƙƙi. Wani ƙorafin gaskiya ne, wani kuma ramuwar gayya ce ta ofis, don haka sai an tantance kafin a ambaci sunan kowa.

Doka mafi wuya ita ce wadda ke waiwayar ƙungiyar kanta: idan shugabanta ne ya taɓa kuɗi, ina ƙaramin ma'aikaci zai kai ƙara? Ana buƙatar hanyar da ba ta bi ta teburin shugaba, da mai binciken kuɗi daga waje duk shekara, da wa'adin mulki ga shugabanni.

Ga wanda ke riƙe da wani sirri a wurin aikinsa, kafin ya miƙa ko da takarda ɗaya, ya tambayi mutum nawa za su san sunansa, ina za a ajiye bayanan, kuma wa ke ba ƙungiyar kuɗi. Idan aka yi masa kame-kame, ya riƙe takardarsa.