Jimina da 'Yar'uwarta Emu

Jimina ita ce mafi girma duk cikin tsuntsayen duniya. Namijin yakan kai ƙafa 9 a tsaye. Gashinsa baƙi ne, da fari a fikafikai da wutsiya. Tamatar kuwa toka-toka ce. Jimina ba ta tashi sama, don jikinta ya fi ƙarfin fikafikanta, amma Allah Ya hore mata gudu, takan yi mil 40 cikin sa'a guda. Yatsu biyu ne kawai a kowace ƙafarta. Da yake ba ta da haƙori, sai ta riƙa haɗiyar tsakuwa, ita ke niƙa mata abinci a ciki.

A ƙasa take tona rami ta zuba ƙwai. Ƙwanta ɗaya ya yi na kaza 24. Tamatar ke kwanci da rana, don launinta ya saje da ƙasa. Namijin ya karɓe ta da dare, baƙinsa ya saje da duhu. Bayan kamar kwana 42 sai a ƙyanƙyashe.

Tana da 'yar'uwa a Ostareliya, ana ce da ita emu. Tsayinta kamar ƙafa 6 ne, yatsunta uku, ƙwanta kore ne shar. Ga abin mamaki: namijin kaɗai ke kwanci, mako 8, da ƙyar yake ci ko sha, kuma shi ke renon 'ya'yan. A 1932 emu suka addabi gonakin alkama har aka tura soja da bindigogi, suka dawo ba su iya da su ba. Har yau emu na nan da yawa.

Jimina kuwa a ƙasarmu ba haka ta kasance ba. A dā fatake kan ɗauki gashinta daga Kano su ƙetare Sahara su kai Tarabulus. Da gashin nan ake ƙawata kwalkwalin 'yan lifida da takalman sarakuna. Maharba suka yi ta kashe ta, ana kwashe ƙwanta, daji kuma ya zama gonaki. Yau yaron Dutsin-Ma ko Kurfi zai ga gashinta ran hawan salla a Katsina, amma da wuya ya taɓa ganin mai gashin a dawa.

Wanda ya kwashe ƙwai duka, ba shi da tsuntsu baɗi. Wajibi ne a kiyaye sauran namun dawa da suka rage.