Harƙiya: Yadda Ake Gane Ta Da Lokacin Da Ya Kamata A Tuge Ta

A wannan fitowar za mu yi magana ne a kan wata ciyawa da kowa ya sha takawa a filin ƙwallo, ko a ɗan lambun gaban ofis, ko a tsakar gida, amma ba kowa ne ya san sunanta ba. Sunanta harƙiya.

Duk shekara idan aka dawo daga dogon hutu a watan Satumba, aikin farko da ke jiran ɗalibai a makarantu da yawa na Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu shi ne saran ciyawa. A raba langa-langa, a yanka wa kowane aji yankinsa, a yi kwana biyu ko uku ana fama har hannu ya yi bororo. Fili ya yi fes. Baɗi kuma ciyawar ta dawo, wani lokaci ma ta fi ta bana yawa. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: saran yana zuwa ne bayan ciyawar ta gama zubar da irinta. Wanda ya san yadda harƙiya take rayuwa zai ga cewa aikin awa biyu a watan Yuli ya fi na kwana uku a watan Satumba amfani.

Da farko dai sai an gane ta. Harƙiya tana fitowa ne da zarar ruwan farko ya jiƙa ƙasa, wajen watan Yuni a nan yankinmu. Tana ƙarama ganyenta kore ne mai haske, mai ɗan faɗi da laushi, kuma sau da yawa akwai gashi a jikin kuben da ya naɗe karan. Ba ta miƙewa sama kai tsaye kamar gero. Sai ta fara kwantawa a ƙasa, ta baza rassa ta ko'ina daga gindi guda, sannan bakin kowane reshe ya ɗaga kai. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta saki saiwa a wurin. Wannan bazuwa tata ce ta sa Turawa suka laƙaba mata suna mai ma'anar ciyawar ƙaguwa, don idan ka dube ta daga sama kamar ƙaguwa ce ta buɗe ƙafafu. Idan ta samu wuri babu mai takura mata takan kai gwiwa.

Kanta ne ya fi saurin tona mata asiri. Idan ta girma sai ta fitar da wasu siraran zare masu kama da yatsu, daga huɗu zuwa goma ko fiye, a jere kusa da juna a saman kara, kuma a jikinsu ƙananan 'ya'yan suke. Masana tsirrai suna kiran danginta Digitaria, daga kalmar Latin mai nufin yatsa. Dangin suna da nau'i fiye da 200 a duniya, wadda kuma aka fi gani a gonakin Afirka ta Yamma ita ce Digitaria horizontalis.

Sai dai ba ita kaɗai ce mai kai irin na yatsu ba, kuma a nan ne ake yawan rikicewa. Akwai guɗe-guɗe, wadda yatsunta gajeru ne masu kauri, sun buɗe daga wuri guda kamar sawun tsuntsu. Akwai tuji, wadda ke son bakin hanya da wurin da ake yawan takawa; karanta a baje yake kamar an danne shi, gindinta fari-fari ne, kuma idan ka ja ta sai ka ji kamar da ƙasar kake kokawa. Sannan akwai kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo. Ita ce ta fi muhimmanci a bambanta da harƙiya, domin ita ce ciyawar da ake so ta rufe filin wasa, kuma danginta ake dasawa a filayen ƙwallo a ƙasashe masu zafi. Ganyen kiri-kiri ƙanana ne sirara, karanta yana da ƙarfi kamar waya, yana rarrafe a sama yana kuma bi ta ƙarƙashin ƙasa. Idan har yanzu kana shakka, ga gwajin da ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje: ja ganye ɗaya baya a hankali, ka duba daidai inda ya rabu da kara. A harƙiya za ka ga wata 'yar fata siririya kamar ɓawon albasa. A kiri-kiri layin gajeren gashi za ka gani a wurin.

Babban bambancinsu kuwa a tsawon rai yake. Kiri-kiri tana bushewa da rani amma saiwarta tana nan da rai, ruwa na sauka ta farfaɗo. Harƙiya damina ɗaya take yi. Da kaka ta yi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, uwar ta mutu ke nan har abada. Duk harƙiyar da za ku gani baɗi daga iri za ta fito. Kuma irin ba kaɗan ba ne: masana aikin gona a Amurka sun ƙiyasta cewa gindi ɗaya na 'yar'uwarta ta can yana iya ba da ƙwaya har 150,000 a shekara. Ko da tamu ta ba da kashi ɗaya cikin goma na wannan, ku lissafa gindi nawa ne a bayan ajinku. Ba duka irin ke tsirowa a shekara guda ba, wani yakan kwanta a ƙasa shekara biyu ko uku yana jira. Shi ya sa ko an yi aiki mai kyau bana, ba za ta ɓace gaba ɗaya baɗi ba. Raguwa za ta riƙa yi shekara bayan shekara.

Abu na biyu da ya kamata a sani game da irin shi ne yana son haske. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, ba ta da guzurin da za ta huda ƙasa mai zurfi, don haka wadda ke kusa da sama, rana na dukanta, ita ke tsirowa. Ku lura da inda harƙiya ta fi yawa a filin ƙwallo: gaban raga inda mai tsaron gida ya goge ƙasa da ƙafa, tsakiyar fili, da gefen 'yar hanyar da masu yanke suka fitar. Inda kiri-kiri ta yi kauri ta rufe ƙasa, da ƙyar za ka samu gindi ɗaya. Ƙasarmu ta jigawa, mai yashi da saurin ɗaukar zafi, ta yi mata daidai, domin harƙiya tana cikin ciyayin da zafin rana ke ƙara wa saurin girma, kamar dai gero da dawa da masara.

To, mene ne abin yi? Iyayenmu manoma sun daɗe da amsa wannan tambaya. Ba wanda ke barin gonar gero ko gyaɗa sai kaka sannan ya yi noma. Ana noman farko shuka tana ƙarama, a dawo a yi maimai, saboda makonnin farko ne ciyawa ta fi cutar da amfani, kuma lokacin ne ta fi saukin kashewa. Haka filin makaranta da tsakar gida suke bukata. Mako biyu zuwa uku bayan ruwa ya zauna, harƙiya ba ta wuce ganye uku ko huɗu ba, saiwarta ba ta yi nisa ba, yaro ɗan aji ɗaya ma zai tuge ta da yatsu biyu. A zaɓi washegarin ruwa, ƙasa na da taushi. A kama ta daga gindi, a haɗa rassan duka a hannu, a ɗaga gaba ɗaya. Idan wurin yana da faɗi a sa fartanya, amma a kankare sama-sama kawai, don zurfafa sara yana tono tsohon irin da ke kwance ya kawo shi ga haske.

Kada a bar abin da aka tuge a kan ƙasa mai laima. Mun faɗa cewa gaɓoɓinta suna sakin saiwa, don haka idan aka yi ruwa da dare sai ka tarar ta sake kamawa. A kwashe, a shanya a kan dandamali ko a kai wa dabbobi.

Langa-langa kuwa yana da amfaninsa, amma ba ya kashe harƙiya. Yana sare abin da ya miƙe ne, ita kuma gindinta a kwance yake. Idan aka yawaita sare ta sai ta koma fitar da kai ƙasa-ƙasa, inda ƙarfen ba ya kaiwa. Abin da ya fi muni shi ne askin ƙwal-kwabo da wasu ke yi wa fili don a yaba musu: a sare har ƙasa ta bayyana, kiri-kiri ta raunana, rana ta samu hanyar isa ga irin harƙiya. A ganinmu gara a bar ciyawar fili da tsawon kamar santimita 5, ko da ba ta yi kyan gani kamar wadda aka aske ba. Ƙona busasshiyar ciyawa da kaka ma haka yake. Wuta tana cinye abin da ke sama, ta bar ƙasa tsirara, irin da ya shige cikin yashi kuma yana nan.

Masu ɗan lambu a gida, ko masu kula da furannin gaban ofis, ga nasu. Yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, inda irin harƙiya yake, har da rani ma sai ta fito. A ba da ruwa sosai ya shiga ƙasa, sannan a bari sama ta bushe kafin a ƙara. A rufe gindin furanni da dogon yaro ko mangwaron da aka dasa da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa. Duk inda aka tuge harƙiya aka bar gurbi, a yanko reshen kiri-kiri a dasa a wurin tun da sauran damina, in ba haka ba wata ciyawar ce za ta gaje shi.

Batun maganin feshi muna so mu yi shi da taka-tsantsan. Akwai wanda ake fesawa kafin ciyawa ta fito, irin su Pendimethalin, wanda ke hana irin kafuwa. Idan ta riga ta girma ba ya mata komai. Akwai Glyphosate, wanda ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa sai ya mutu, har da kiri-kiri da furanni. Akwai kuma 2,4-D, wanda na ciyayi masu faɗin ganye ne, wanda ya saye shi don harƙiya ya yi asarar kuɗinsa. Paraquat kuwa guba ne mai kisa da ba shi da makari, har hukumar NAFDAC ta sanar da hana shi daga shekarar 2024. Babu ɗaya daga cikinsu da ya dace ɗalibi ya taɓa, kuma filin da yara ke birgima a kai ba wurin gwada magani ba ne. Mai gona babba da ke ganin sai da feshi, ya nemi malamin gona na JARDA ya ba shi shawara, ya karanta takardar jikin kwalbar, kada kuma a mayar da kwalbar ta ruwan sha.

Kada wani ya ɗauka cewa harƙiya ba ta da rana. Abinci ce mai kyau ga dawaki, tumaki da awaki, masu kiwo sun san haka, kuma da damina za ka ga yara da damin ciyawa a ka ana kaiwa kasuwa, harƙiya na ciki. Su ma Amurkawan da ke kashe kuɗi duk shekara suna yaƙi da ita a farfajiyar gidajensu, da hannunsu suka shigo da ita ƙasarsu a 1849 don ciyar da dabbobi. Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne acca, wadda ake nomawa a Filato, Bauci da kudancin Kaduna ana tuwo da kunu da ita, 'yar gida ɗaya ce da harƙiya. Sunanta Digitaria exilis. Haka ma iburu. Kakanninmu na Afirka ta Yamma ne suka zaɓo su daga cikin ciyayin daji suka mayar da su hatsi, kuma acca tana cikin hatsin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bikinsu a 2023, shekarar da ta ware wa gero da danginsa. Saboda haka wadda aka tuge a fili ba shara ba ce, musamman ga mai rago a turke. Sharaɗi ɗaya ne: a ba dabba tun kafin ta yi 'ya'ya, domin wani irin yana ratsa cikin dabba ya fito da ransa. Takin da aka kwaso daga turke aka zuba a lambu ɗanye, sau da yawa shi ne ke kawo harƙiya inda da babu ita. A tara shi ya ruɓe sosai tukuna.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da Malamin Aikin Gona shi ne a duba yiwuwar raba aikin gida biyu: tugewa ta farko a farkon Yuli, ta biyu kuma a makon da aka gama jarrabawa kafin a tafi hutu, domin a cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa kuma babu kowa a makaranta, harƙiya take fitar da kai. Kowane aji ya riƙe yankinsa, a ɗauki hoton wurin bana, a sake ɗauka baɗi a gwada. A ƙasan wannan allo mun liƙa busassun kawunan harƙiya, guɗe-guɗe, tuji da kiri-kiri, mun sa musu lamba 1 zuwa 4 ba tare da suna ba. Wanda ya gane su ya rubuta amsa da sunan ajinsa ya jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis.