Kafin ka sayi sandar kamun kifi irin ta Turawa, duba ruwan da za ka shiga

Da zarar damina ta ɗauke, ruwan fadama ya fara ja, matasa daga garuruwa irin su Maruda a ƙaramar hukumar Gwandu, da ƙauyukan Kalgo, kan nufi bakin Gulbin Rima da fatsa a hannu. Wasu don cefanen gida, wasu don abin da za su kai kasuwa.

Sai dai yanzu wayar hannu ta kawo sabon kwaɗayi. Bidiyon Turawa tsaye cikin kogi suna wurga zare da wata doguwar sanda da ake riƙewa da hannu biyu ya cika TikTok da YouTube, har wasu na tunanin tara kuɗi su yi odarta.

Daga ina sandar ta fito?

Asalinta Kogin Spey ne a Sikotilan, inda tun a shekarun 1800 ake kamun kifin salmon da ita. Tsawonta kan kai ƙafa 12 zuwa 15. Amfaninta shi ne mutum ya wurga zare nesa a kogi mai faɗi, ko da akwai itatuwa a bayansa.

Ba a sa mata tana ko hanjin kaza. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaurawa a ƙugiya, a kwaikwayi ƙwaro ko ɗan kifi. Da yake wannan ba shi da nauyi, zaren ne ake yi mai kauri don ya ɗauke shi. Ke nan sanda kaɗai ba ta isa ba, sai da zarenta na musamman da faifan naɗe shi, kuma duk da dala ake shigo da su.

A Amurka da Kanada ana kama kifin steelhead da ita, wanda ke rayuwa a ruwan sanyi. Babu irinsa a Kebbi.

Kifinmu daban yake

Sarkin kifayen gulbinmu shi ne giwan ruwa. A bikin Argungu na 2020, wanda ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Wannan kifi 'yan'uwansa yake ci, yana kuma fakewa a gurbi mai zurfi. Ana kama shi da ƙugiyar gashi a Kogin Faro na Kamaru, inda ruwa ke yin garau da rani. Namu ruwan kuwa galibi da laka yake.

Tarwaɗa da ragon ruwa a ƙasan ruwa suke kiwo, da ƙanshi suke gano abinci. Tana da ɗan dalma da zai nutsar da ƙugiya sun fi gashin tsuntsu aiki a kansu. Karfasa ƙaramar ƙugiya da siririn zare take so. Tsage kuma haƙoransa na datse zare, sai an sa 'yar waya kafin ƙugiya.

Me ya kamata ka saya?

Idan karfasa da ƙananan tarwaɗa kake nema a bakin gaɓa, sandar gora mai tsawo da zaren roba sun wadatar. Idan manyan kifi ne, nemi sanda mai faifai wadda ke ɗaukar zare mai ƙarfi, ka tanƙwara ta a gaban mai kaya ka ga ko tana komawa daidai, ka duba zobbanta kada su kasance da kaifi.

Wanda kuma iyali ke jiran abin da zai kawo, mamari da birgi sun fi kowace sanda cika kwando.

Abin da ya fi zaɓen sanda muhimmanci shi ne a bar kifi ya girma. Masu tace ruwa da gidan sauro suna kwashe 'ya'yan kifi, masu zuba guba irin Gamalin 20 kuwa suna kashe babba da ƙarami, su cutar da mai ci. Idan gulbi ya ƙare, sandar Sikotilan da ta gora duk jingine su za a yi.