Kalmar "Ƙiyasi": Asalinta da Ma'anoninta

Ƙiyasi kalmar aro ce daga Larabci, inda asalin ma'anarta shi ne auna wani abu da ɗan'uwansa. Da ta shigo Hausa sai baƙinta na farko ya koma "ƙ", kamar yadda ya faru ga alƙali da alƙalami, aka kuma ƙara mata wasalin "i" a ƙarshe. Suna ne namiji. Daga gare shi aka ƙiro aikatau "ƙiyasta", bisa tsarin da ya ba da "haramta" da "hukunta".

A bakin malaman fiƙihu, ƙiyasi shi ne tushe na huɗu na shari'a, bayan Alƙur'ani da Sunna da ijma'i. Imam Shafi'i, wanda ya rasu a shekarar 820, ya tsara ƙa'idojinsa cikin littafinsa Risala. Rukunansa huɗu ne: asali, wato abin da nassi ya ambata, reshe, wato sabuwar mas'ala, illa, wato sababin da ya haɗa su, sai hukunci. A lura, "illa" a nan ba ta nufin aibi ko cutarwa kamar a maganar yau da kullum.

Misali zai fayyace wannan. Hadisin riba ya ambaci abubuwa shida: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Bai ambaci gero ba. Malikiyya, mazhabar ƙasar Hausa, ta ce illar huɗun ƙarshe ita ce kasancewarsu abincin da ake rayuwa da shi, mai kuma ajiyuwa. Gero da dawa sun cika wannan sharaɗi, saboda haka musayar tiya guda ta gero da tiya biyu ta gero riba ce. Zahiriyya kuwa, irin su Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, sun ƙi ƙiyasi, suka tsaya kan shidan nan kawai.

A kasuwa da gona ma'anar ta sassauta. Manomi kan ƙiyasta damman da zai samu tun kafin girbi, wato ya yi kirdado. Daga nan ne ruɗani ke tasowa, har wasu su ɗauka ƙiyasin malamai ma zato ne. Alhali kuwa shi yana da sharuɗɗa: ba a yin sa inda nassi ya riga ya yanke hukunci, kuma in illa ba ta tabbata ba ya rushe. Ya kamata mai fassara da mai rubuta ƙamus su rarrabe ma'anonin biyu, kowace da misalinta.