Badalar Kano Tana Narkewa a Gaban Idonmu

Wanda ya bi titin BUK daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Kabuga zai ga tudun jar ƙasa yana bin gefen hanya. Nan ya yi tsawo, can ya rufta, wani wurin kuma shaguna da gidaje sun haɗiye shi ƙurmus. Yara da dama da aka haifa a cikin birni sun ɗauka tsibin ƙasa ne kawai. Alhali kuwa ita ce badala, ganuwar da ta tsare Kano shekaru aru-aru.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki, ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi da fadar da har gobe ake ce wa Gidan Rumfa. A ƙarni na 17 Muhammadu Nazaki ya sake ƙara mata faɗi. A da kowace ƙofa tana da sarkinta, mai rufe ta da dare ya buɗe da asuba: Ƙofar Mata, Wambai, Mazugal, Waika, Kansakali, Dukawuya da sauransu. Da Turawan Ingila suka zo a Fabrairun 1903, sai da suka sa igwa kafin su samu shiga ta Ƙofar Kabuga.

To me ya sa abin da ya jure yaƙi ya kasa jure zaman lafiya?

Amsar tana cikin yadda ake ginin ƙasa. Magini yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera shi ne ana cike tsakani da ɗanyen kwaɓi, gindin gini ya yi kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa. A rufin soro ana sa azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Bayan haka sai yaɓe: makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, domin ruwa ya zame ya wuce. A kafa indararo, a ɗora zankwaye a kusurwa. Dubi yadda sana'o'i suka riƙe juna a nan: marini ya ba da katsi, majemi ya ba da gashi, magini ya haɗa. Marinar Ƙofar Mata da majemar birni suna da hannu a kowane soro mai kyau.

Sai dai wannan gini kamar gona yake, shekarar da aka ƙi duba shi, shekarar zai fara lalacewa. A da, damina na wucewa ake fita aikin gayya, kowane ɓangare na badala da masu alhakin gyara shi, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, aikin ya tsaya. Ruwan sama ya yi nasa, mu kuma muka ƙarasa. Wani ya ɗebi ƙasar badala ya yi gini, wani ya zuba shara, wani ya yanka fili ya sayar. An cike kududdufan da ke gindinta, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar tun farko, kuma su ne ke shanye ruwan damina. Wanda yake kukan ambaliya a unguwarsu ya kamata ya tuna da wannan.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Saboda faɗaɗa hanya an rushe tsoffin ƙofofi, ciki har da Ƙofar Na'isa, aka tayar da sababbi da bulo da siminti, aka shafe su da launin ƙasa. Ba na musun cewa birni na bukatar hanya. Amma ƙofar siminti ba ta gaya wa ɗalibi komai game da hannun da ya mulmula tubali shekara 500 da suka wuce. Haka kuma shafa siminti a jikin tsohon ginin ƙasa cutarwa ce: yana kulle danshi a ciki, ginin ya riƙa ruɓewa ta ƙarƙashi har ya zube.

Doka kam akwai. Badala tana cikin kayan tarihin ƙasa da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Nijeriya ke da alhakin tsarewa, kuma tun 2007 aka sa ta a jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO. Har yau tana jira. Tsohon birnin Agadas a Nijar kuwa ya samu amincewar UNESCO a 2013, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. Abin da ya tsayar da waccan hasumiya shi ne mutanen gari ba su taɓa daina yaɓe ta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne magina. Ƙasa tana nan, ɗorawa tana nan, amma dattawan da suka san yadda ake ɗaura bakan gizo a rufin soro, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya, suna ta ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun koma aikin bulo domin a nan abinci yake. Idan gwamnati da masarauta suka ware kuɗin gyara duk shekara, suka damƙa aikin a hannun Sarkin Magina da mutanensa, matasa za su koya domin akwai abin samu.

Mu ma da namu kason. Malamai su kai ɗalibai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su taɓa bangon da hannunsu. Masu unguwanni su hana ɗibar ƙasa da zuba shara. Mai tsohon soro ya nemi shawarar magini kafin ya kira mai rusau. Kai kuma da aka yi wa tayin fili a kan badala, don Allah kada ka saya.