Ku Tambayi Abin Da Ke Cikin Man Shafawa

Jama'ar Jangeru, in kun je kasuwar Shinkafi ran Alhamis sayen man shafawa ko sabulun salo, ku tambayi mai haɗawa abin da ya zuba ciki. In ya ce asirin gidansu ne, to, awo da yadda ake dafawa nasa ne, ya riƙe abinsa. Amma sunan kayan haɗin hakkinku ne. Man kaɗanya ne ko man gyaɗa? Ko an sa maganin hasken fata? Wani irinsa akwai zaiba ciki, mai lalata ƙoda. Na kwalba kuwa, ku duba lambar NAFDAC. Wanda ya ƙi faɗa, ku bar masa kayansa, balle in jariri za a shafa wa. Matambayi ba ya ɓata.